Fisk ko St. Olaf: Wacce Za Ka Fara Saurara?

Fisk da St. Olaf duka ƙungiyoyin mawaƙa ne na ɗaliban makarantun Kirista a Amurka, kuma galibi da murya zalla suke waƙa, ba kiɗa ba ganga. Amma asalinsu ya sha bamban.

Ta St. Olaf, a jihar Minesota, F. Melius Christiansen ne ya kafa ta a 1912. Haifaffen Norwe ne, ya yi karatun kiɗa a Jamus, ya horar da ɗalibai su haɗa muryoyi har ba ka iya tsinto ta mutum ɗaya. Waƙoƙin cocin Lutheran suka fi rerawa.

Mawaƙan Fisk kuwa talauci ne ya fito da su. A 1871 jami'arsu da ke Nashbil ta kusa rufewa, sai ɗalibai 9, yawancinsu 'yantattun bayi, suka shiga gari-gari suna rera waƙoƙin ibadar da iyayensu suka yi cikin bauta. A 1873 har Sarauniya Biktoriya ta saurare su a Ingila. Da kuɗin da suka tara aka gina wa jami'ar wani babban gini mai suna Jubilee Hall, yana nan har yau.

Mai koyar da mawaƙan coci zai ƙaru da tsarin St. Olaf. Ni dai Fisk nake fara kunna wa mutum.