Sharhi: Na kai zomayena gasar ARBA ina sabon shiga a kiwo

Duk wanda ya fara kiwon zomo a Amurka, shawarata ita ce ya ɗauki biyu ko uku daga cikin nasa ya kai su gasa tun kafin ya cika bayan gida da kejuna. Ba don kyauta nake faɗin haka ba, domin kyautar yawanci ba ta wuce ɗan ƙyalle mai launi da takarda. Abin da mutum yake saya da 'yan dalolin shiga shi ne hannun alƙali, wato mutumin da ya shafa dubban zomaye irin naka, ya ɗora naka a tebur ya gaya maka gaskiyarsa a gaban jama'a.

Ina zaune a jihar Ohio, kuma farin New Zealand nake kiwo, irin da aka sani a gida Najeriya, mai jan ido da tsayayyun kunnuwa. Sunan ne kawai na New Zealand, amma a nan Amurka aka samar da irin. Gasar da na je tana ƙarƙashin dokokin Ƙungiyar Masu Kiwon Zomaye ta Amurka, ARBA, wadda aka kafa a 1910, kuma ta amince da ire-iren zomaye kimanin 50. Ba uwar ƙungiyar ce ke shirya ƙananan gasanni da kanta ba. Kulob-kulob na gundumomi ne ke neman izininta, su ɗauko alƙalai masu lasisinta, su kama zaure a filin baje kolin gunduma, galibi ranar Asabar. Babban taron ƙasa sau ɗaya ake yinsa a shekara, a lokacin kaka, kuma wannan ba wurin sabon shiga ba ne.

Abu na farko da ya burge ni shi ne sauƙin shiga. A ƙaramar gasa ba a tambayarka katin zama ɗan ƙungiya, ba a kuma neman takardar asalin zomo, wato mai nuna iyayensa da kakanninsa. Sharaɗin da ba a ɗaga ƙafa a kansa shi ne lamba ta dindindin a cikin kunnen hagu, wadda ake yi da allura da tawada kamar jarfa. Kunnen dama an bar shi ne don lambar rajista, in zomon ya kai matsayin. A Ingila zobe suke sa wa zomo a ƙafar baya tun yana ƙarami, a nan kuwa kunne ne. Ni da ɗan injin hannu mai kama da alƙalami na yi wa nawa, ya fi mini kwanciyar hankali a kan matsi mai haƙoran ƙarfe, domin ina ganin inda jijiyar kunne take in kauce mata. Idan lambar ba ta karantuwa, alƙali zai mayar maka da zomonka ko da ya fi na kowa kyau. Sai kuma akwatin ɗauka mai ƙasan waya da faranti a ƙarƙashi, don kada fitsari ya zuba a ƙasa ko ya ɓata farin gashi.

Ana raba zomaye aji-aji bisa iri, launi, jinsi da watannin haihuwa. Ƙananan iri aji huɗu ne: namiji da mace 'yan ƙasa da wata 6, sai namiji da mace manya. Manyan iri kamar New Zealand da Californian aji shida ne, saboda an ƙara na tsakiya, daga wata 6 zuwa 8. Nauyi ma doka ne. Babban namijin New Zealand ya kasance tsakanin laba 9 da 11, wato wajen kilo 4 zuwa 5, mace kuma laba 10 zuwa 12, kusan kilo 4.5 zuwa 5.4. Wanda ya haura, an fitar da shi. Wannan ya saɓa wa yadda na taso ina gani, inda zomon da ya fi girma shi ne ya fi daraja.

Teburin alƙali shi ne wurin da kuɗin mutum ke fita, don haka bari in daɗe a kansa. Ana kiran aji, kowa ya kawo nasa ya sa a ƙananan kejin da ke jere a bakin tebur, ya ja da baya. Ba a so ka nuna wanne ne naka, ko da da ido. Alƙali ya ciro zomo, ya duba lambar kunne, ya leƙa cikin kunnen ko akwai ɓawon ƙwari, sannan ya kifar da shi rigingine cikin hannu ɗaya. Ya buɗe leɓe ya ga ko haƙoran sama sun rufe na ƙasa yadda ya kamata. Ya duba hanci, ya kuma duba cikin ƙafafun gaba, domin zomo mai mura da su yake share majina, gashin wurin ya dunƙule. Ya ƙirga farata, ya shafa ciki ko akwai ƙurji, ya tabbatar namiji ne ko mace, ya miƙe wutsiya. Duk wannan cikin ƙasa da minti guda, kuma zomon ko motsi bai yi ba. Bayan haka ne ya zaunar da shi, ƙafafun gaba daidai ƙarƙashin ido, na baya daidai ƙugu, ya bi da tafin hannu tun daga kafaɗa, gadon baya, tsatso, har zuwa cinyoyi. A ƙarshe ya shafa gashin daga wutsiya zuwa kai ya sake. Na New Zealand ana so ya koma mazauninsa nan take.

Maki 100 ake rabawa a kan kowane iri, kuma a New Zealand kaso mafi tsoka yana kan ƙirar jiki, musamman ƙugu da cinya, domin zomon nama ne. Alƙali yana fara sallama daga na ƙarshe zuwa na ɗaya, kowanne yana faɗin dalili da ƙarfi, magatakarda na gefe yana rubutawa a kati. Namijina ya fita da wuri. Alƙaliyar, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta ce gashinsa da lafiyarsa ba laifi, amma kafaɗarsa ta yi tsawo kuma ta yi ƙasa, bayansa bai fara tashi ba sai can tsakiya, ƙasan cinya kuma bai cika ba. Zomanyata ta kai cikin na gaba-gaba. An yaba faɗin tsatsonta da taurin namanta, aka ce wadda ta fi ta ta fi ta zurfin ƙugu ne.

Da aka gama ajin, alƙaliyar ta ba ni dama na matso, ta kama hannuna ta ɗora a bayan namijin, sannan ta nemi izinin mai zomon da ya zo na ɗaya ta ɗora hannun nawa a kansa. A nawa yatsuna suna jin ƙashin ƙugu, hannu yana tsayawa. A nasa hannu yana sulalewa har tebur ba tare da ya ci karo da komai ba. Na karanta bayanin nan a rubuce, na kalli hotuna da bidiyo da yawa, amma a ido zomayen biyu duk farare ne masu ƙiba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Da wannan na koma gida na san wane namiji zan nema, kuma na san 'ya'yan wace zomanya zan riƙe.

Yawancin kulob suna haɗa gasa biyu a rana ɗaya, alƙali daban-daban. Ina ba da shawarar a biya duka biyun. Alƙali na biyun ya ɗaga zomanyata sama kaɗan, amma game da kafaɗar namijin kusan kalma ɗaya suka faɗa. Inda alƙalai biyu suka saɓa, ra'ayi ne. Inda suka haɗu kuwa, aibin yana jikin zomon.

Bayan gasar ne na yanki katin ƙungiya. Kuɗin shekara ba shi da nauyi, ana aiko wa mutum mujalla duk bayan wata biyu, amma babban amfaninsa shi ne rajista. Ba a yi wa zomo rajista don iyayensa suna da ita. Sai ya kai wata 6, yana da takardar asali ta zuriya uku, iyaye da kakanni da iyayen kakanni, kowanne da lambar kunnensa da launinsa da nauyinsa, sannan jami'i mai lasisi ya duba shi da hannu ya ɗora a sikeli. Haka kuma zomo ba ya zama babban zakara sai ya tara takardun nasara uku daga aƙalla alƙalai biyu, kuma nasara ba ta shiga lissafi sai an kara da zomaye biyar ko fiye na mutum uku ko fiye. Wannan doka ta yi mini daidai, domin ta hana mutum ya kawo nasa shi kaɗai ya naɗa wa kansa sarauta.

Akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba, kuma na wurin da na je ne, ba zan kama sunan kulob ɗin ba. Zauren akwai sanyi, lasifika ba ta fita sosai, kuma babu wanda aka ajiye don ya nuna wa baƙo inda zai dosa. Idan aka kira irinka ba ka ji ba, an wuce ka, kuɗinka ya tafi. Jira ma akwai shi, tun sassafe har bayan azahar, sai da na roƙi maƙwabcin kujerata ya sa mini kunne na je mota na yi salla. Abin da ya fi damuna shi ne cunkoson akwatuna, hanci kusa da hanci. Cutar zubar jini ta zomaye, RHDV2, ta bazu a Amurka tun daga 2020, tana kashewa farat ɗaya, kuma ƙwayarta tana bin takalmi da tufafi da akwati. An samu rigakafinta a nan tun 2021. Ni dai ba zan kai zomon da ba a yi wa allura ba, kuma duk zomon da ya dawo daga gasa ina ware shi wata guda nesa da sauran, shi ne na ƙarshe da nake ba abinci. Mutanen gida ma su sani cutar ta ɓulla a kudu maso yammacin Najeriya a 2020.

A gefen zaure ana sayar da zomaye, kuma a nan sabon shiga ya yi hattara. Mafi yawan masu kiwon mutanen kirki ne, za su ce maka wannan na nama ne, wancan na haihuwa, wancan na gasa. Amma na ga wanda ke tallan abin da ya tace ya zubar, yana kaɗa takardar asali. Takarda tana faɗin iyaye ne kawai. Ka tsaya ka ga wa ya ci ajin irin da kake so, ka bi shi bayan an tashi, ka kuma nemi wani tsohon hannu ya shafa maka zomon kafin ka biya.

Akwai kuma iyakar da gasa ba ta wucewa, kuma wannan ya fi shafar masu karatu daga gida. Alƙali yana ganin zomo na 'yan mintuna ne. Ba zai gaya maka zomanya 'ya'ya nawa take haifa bayan kwana 31 na ciki ba, ko nawa take yayewa, ko tana da nono, ko tana jure zafi. Namijin zomo yana iya daina ba da ciki na wani lokaci idan zafi ya daɗe sama da digiri 30, kuma kowa ya san yadda Afrilu take a Zariya da Kano, balle Sakkwato da Maraɗi. Zomon da ya ci gasa a sanyin Ohio ba lalle ya yi abin kirki a can ba. Ajin da ya fi kusa da bukatar mai kiwon nama shi ne na 'yan uku: zomaye uku iri ɗaya, launi ɗaya, waɗanda ba su wuce mako 10 ba, kowanne tsakanin laba 3.5 da 5.5, ana duba namansu da yadda suka yi kai ɗaya. Yaran 4-H, wata ƙungiyar koya wa matasa noma da kiwo a nan Amurka, su ne suka fi shiga wannan, kuma na tsaya na kalle shi fiye da kowane aji.

Yayana yana kiwon zomaye a Zariya, irin da ake kira Chinchilla da wasu da aka sayar masa a matsayin irin Hyla, yana ba su harawa da dusa da ganye. Da na ba shi labari a waya, na ce, "Yaya, ka taɓa ɗora zomanyar nan taka a sikeli?" Ya ce, "Haba Auta, ai mu a nan ido ne sikelinmu." Na roƙe shi ya sayi ƙaramin sikelin rataye da littafi, ya riƙa auna 'ya'ya a mako 4 da 8 da 10, ya rubuta uwa da uba da yawan haihuwa. Na kuma aika masa da injin lambar kunne ta hannun wani mai tafiya gida, domin matsalarsa ta kullum ita ce fararen suna kama da juna, har ɗan'uwa ya hau 'yar'uwarsa ba a sani ba. Zariya kuwa ba ta rasa masana, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Da masu kiwo goma za su haɗu ranar Asabar a ƙarƙashin inuwa, kowa da zomonsa mai lamba, su gayyato masani ɗaya ya auna, ya shafa, ya faɗi dalili, da sun samu mafi yawan abin da na biya kuɗi na samu a nan, kuma su ƙara abin da babu a nan, wato maki a kan haihuwa da jure zafi.

Ga wanda ke Amurka yana shirin zuwa karon farko: kada ka kai zomo mai zubar da gashi, ko zomanya mai tsohon ciki ko mai shayarwa. Ka yanke farata kwana kaɗan kafin ranar, ka yi lambar kunne da wuri don ta warke, ka riƙa zaunar da zomon a tebur kullum har ya saba da hannu. Ka tafi da kujera, da ruwan gida da ya saba sha, da ciyawa, da ɗan darduma na ɗora shi, da rigar sanyi. Ka tsaya a bakin tebur tun daga ajin farko na irinka, ba naka kaɗai ba, kuma kafin ka fita ka karɓi katin da magatakarda ya rubuta.