Wasiƙa daga Jamus: Yaya, ka bari a yi hoton haƙorin nan

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Hajiya? Na saurari saƙonka har ƙarshe, da faɗan da kake yi wai likita ya ƙi cire maka haƙori sai an yi hoton X-ray, kai kuma kana ganin dabarar tatsar kuɗi ce kawai. Bari in gaya maka yadda ake yi a nan, sai ka auna da kanka.

A Jamus da wuya ka ga likitan da zai kama haƙorin ciki ya cire bai ga hotonsa ba. Abin da ido ke gani kan haƙori ne kaɗai, saiwarsa tana binne cikin ƙashin muƙamuƙi. Manyan haƙoran taunawa na ƙasa yawanci saiwa biyu gare su, na sama uku, wata a miƙe, wata a lanƙwashe. A ƙarƙashin na ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe ji, a saman na sama kuma akwai kogon iska da ke gefen hanci. Wanda ya ja haƙori bai san inda waɗannan suke ba, yana iya karya saiwa ya bar guntu a ciki, ko ya bar mutum da leɓe a sandare. Don haka likitanka bai yi laifi ba.

A asibitin da nake zuwa a nan Braunschweig babu fim ko ɗaya. Ma'aikaciya za ta kai ka wani ɗan ɗaki, ta sa maka wata 'yar na'ura mai igiya a baki, sanye cikin leda, ta ce ka cije mariƙinta. Gaskiya ba daɗi: tana da kauri, ba ta lanƙwasa, tana danne ganɗa har mutum ya ji kamar zai yi amai. Sai ta fita ta danna maɓalli, ka ji ɗan ƙara, shi ke nan. Kafin ta dawo ta zare abin, haƙorin ya riga ya bayyana a kwamfuta. Likita zai ƙara girmansa, ya ƙara haske, ya ja layi ya auna tsawon saiwar. Wasu asibitocin kuma wani siririn faranti suke amfani da shi, a ɗauka, a zura shi cikin injin da zai karanta, a goge, a sake sa wa wani. Shi ya fi sauƙi a baki.

Namu na gida, wanda nake zaton shi za a yi maka, fim ne, kuma kada ka raina shi. Ɗan fakiti ne, faɗinsa kamar santimita 3, tsawonsa 4. In aka buɗe za a tarar da fim ɗin a tsakanin baƙar takarda, a bayansa kuma siririn fallen dalma mai tare hasken X-ray da ya wuce. An shafe fuskar fim ɗin da ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa. Idan hasken ya ratsa kumatu, nama ba ya tare shi, sai ya isa ga fim, wurin ya fito baƙi bayan wanki. Ƙashi da haƙori suna tare da yawa, sai su fito fari-fari, cikon ƙarfe kuwa fari fat. Shi ya sa kogon haƙori yake fitowa da duhu, domin an cinye ƙarfin wurin, haka ma ƙurjin da ke taruwa a ƙarshen saiwa. Daga nan sai wanki a duhu: ruwan magani na farko ya fito da hoton, a ɗauraye, na biyu ya kafe shi, a sake wankewa, a shanya.

Fim ɗin da aka wanke da kyau, kaifinsa bai gaza na kwamfuta ba. Matsalarmu zafi ne. An tsara wankin ne a kan sanyin wajen digiri 20, na kamar minti 5, mu kuwa a Afrilu Kano takan haura 40. Fim ɗin da ya daɗe a kabad mai zafi yakan yi hazo, ruwan maganin da aka ƙi canzawa don tattali yakan ba da hoto dishi-dishi. To in an miƙo maka hoton ka ga ba a bambanta komai, kana da hakkin ka tambaya. Shi kansa fim hawa-hawa ne: akwai tsohon mai lambar D, akwai mai lambar F da ke buƙatar hasken da bai kai rabin na D ba.

Sai maganar tsoron hasken da ka ce abokanka na majalisa suna yi maka. Ka san a garin nan da nake zaune aka fara wannan aiki? Wilhelm Röntgen ya gano hasken a Würzburg cikin Nuwamban 1895, kuma a farkon 1896 wani likitan haƙori na Braunschweig, Otto Walkhoff, ya naɗe gilashin ɗaukar hoto, ya cusa a bakinsa, ya zauna ana haska shi minti 25. Yau kuwa bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Abin da jiki ke ɗauka a ƙaramin hoto guda bai wuce wanda kowa ke samu daga ƙasa da sararin sama a yini ɗaya ba. Jirgin da nake hawa daga Frankfurt zuwa Abuja ma ya fi ba ni. Duk da haka ba a yi don sha'awa, kuma mace sai an tambaye ta ko tana da juna biyu.

Kada ka ce a nan kyauta ake yi. Ba na ciro ko sisi a gaban kanta, amma duk wata ana yanke inshorar lafiya daga albashi, sama da kashi 14 cikin ɗari, ni rabi, kamfani rabi. Ita ke biyan ƙaramin hoton, da babban da inji ke zagaya kai ya ɗauko muƙamuƙi gaba ɗaya, in likita ya ga da buƙata. Sabon nan mai nuna ƙashi ta kowace fuska, wanda ake yi kafin dasa haƙori, galibi daga aljihunka ne. Ga jiran layi: in ba ciwo ne ya tashe ka ba, sai ka yi makonni kafin ranarka ta zo, alhali kai da safe za ka shiga asibiti a gan ka kafin azahar. Abin da suka fi mu shi ne ajiya. Doka ta sa su riƙe hoton shekara 10, in ka canza likita a tura masa. A gida kai ne ma'ajin, don haka in sun ba ka fim ɗin ka sa shi a ambulan, kada yara su mayar da shi abin wasa.

Kanumfarin da kake dannawa yana kashe zafi na ɗan lokaci ne, ba ya taɓa abin da ke cikin ƙashi. Ka koma cikin makon nan, kuma kafin a cire ka gaya wa likita kana shan maganin hawan jini, ka tafi masa da kwalin ya gani. Kuɗin hoton da na cirewa zan turo ranar Juma'a in Allah ya kai mu. A gaida Hajiya da Anti.