Sharhi Kan Ziyarar Yini Guda Zuwa Elmina da Cape Coast a Ghana

Kamfanonin yawon buɗe ido da ke Accra suna shirya tafiyar yini guda wadda ta haɗa dajin Kakum da tsoffin sansanonin Turawa biyu na bakin teku, wato Cape Coast da Elmina. Na bi ɗaya daga cikin kamfanonin, kuma a ganina wuraren sun cancanci kuɗin da aka biya, sai dai an yi musu rowar lokaci.

Motar tana da tsabta da na'urar sanyaya iska, direban kuma ya tsaya mana salla ba tare da gardama ba, amma cunkoson motoci a garin Kasoa da ke kan hanya ya cinye mana safiya. Gadojin igiya na Kakum, waɗanda aka rataya a saman dogayen itatuwa, suna da daɗin hawa ga wanda ba ya jin jiri.

Elmina ce ta fi tsaya mini a rai. Turawan Fotugal ne suka gina sansanin a 1482 domin cinikin zinariya, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. Jagoran da ya zagaya da mu ya san aikinsa, ba ya ƙarin gishiri. Ya tsayar da mu a tsakar gidan da ake tsare bayi mata, ya nuna mana barandar da gwamnan sansanin ke leƙowa yana zaɓen wadda ransa ke so, sannan ya kai mu ɗakin da aka tsare Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. Bahaushen da ya san labarin kasuwar Salaga ta arewacin Ghana, inda a da fatakenmu ke sarin goro kuma ake cinikin bayi, ba zai saurari wannan bayani a matsayin tarihin wasu ba. Daga saman ginin ana hango jiragen masunta masu launi iri-iri sun cika bakin kogin Benya, ga kuma sansanin St. Jago a kan tudu, wanda ba mu samu hawa ba domin an ce rana ta yi.

A Cape Coast ma gaggawar ce. Mun shiga kurkukun bayi maza mai duhu da ke ƙarƙashin ɗakin ibadar Turawa, muka fita ta ƙofar da ake cewa ba a dawowa, wadda a da ake fitar da bayi ta cikinta zuwa jiragen ruwa, amma gidan adana kayan tarihin da ke ciki sai dai muka leƙa.

Wanda ke da hali ya kwana a Elmina, ya bar Kakum sai washegari. Ya kuma guji wanka a tekun, domin igiyar ruwan wannan gaɓar tana da ƙarfi ƙwarai.