Yoga ko Pilates: wanne ya fi wa mai ciwon baya a Legas?

Duk wanda ya kwashe awa biyu a danfo daga Agege zuwa Obalende ya san yadda ƙugu ke sandarewa. Shi ya sa ƙawata ta ja ni ajin motsa jiki a Ikeja, inda ake yoga da Pilates, duka a kan tabarmar roba, ba tsalle, ba ɗaga ƙarfe.

Yoga daga Indiya ta fito. A miƙe jiki a tsaya cak, ana jan numfashi a hankali har cinya ta fara rawa. Jijiyoyi su saki, barci ya yi daɗi. Wasu 'yan'uwa na ɗari-ɗari da ita saboda asalinta a addinin Hindu.

Pilates kuwa wani Bajamushe, Joseph Pilates, ya ƙirƙiro shi, ya buɗe wurin koyarwa a New York a shekarun 1920. Ciki da gadon baya yake ƙarfafawa. Akwai motsin da ake kira ɗari: a kwanta rigingine, ƙafafu sama, kai a ɗage, ana kaɗa hannuwa sau 100. A na 40 na fara salati, malamar tana dariya.

Ni dai Pilates na ɗauka, tunda baya ne ya kai ni.