Ranjas ko kambas don hawan Bagzan? Ga amsata

Ƙanena da ka tambaya ko ranjas (takalmin nan mai dogon wuya irin na soja) ko kambas za ka sa ka hau Bagzan, dutsen nan na ƙasar Abzin, a watan Disamba: sayi ranjas, kada ka tsaya dogon tunani.

Nawa ranjas ɗin shekararsa shida a hannuna. A wurin masu bosho na same shi nan kasuwar Tahoua, jikka goma sha biyu, baƙi, igiyarsa ɗaya a tsinke, amma fatar lafiyayya. A satin na kai wa mai gyaran takalma ya bi ƙasan da zare ya ɗinke shi kewaye, domin gam kaɗai ba ya jure zafin dutsen Adar.

Ranar da ya shiga raina ita ce ranar da muka hau tudun Keita, nan ƙasar Adar, bayan girbi, ni da wani abokin aikina, tun asuba har la'asar sakaliya. Wanda bai taɓa hawa ba zai ɗauka da an kai sama an huta. Ina! Saman fili ne shimfiɗe, fako da baƙar marmara iya ganinka, ba inuwa ba rijiya, sai layukan duwatsun nan da aka jera zamanin aikin farfaɗo da ƙasar Keita, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa tun 1984, mata suna ɗauko dutse a ka don a tare ruwan sama. Ka tsallake wannan layi, wancan na jiranka. Duk da haka gangarowa ce ta fi ba mu wuya. Ƙafa ta gaji, tsakuwa tana mirginawa ƙarƙashinka. Sau biyu dutse ya goce da ni, na ji ƙafar ta karkace, amma dogon wuyan takalmin ya riƙe idon sawuna gam. Da a ce targaɗe na yi a wurin, ba mota ba amalanke, sai dai abokina ya goya ni. Da dare ina cire shi na ga ƙayar aduwa ta nitse a ƙasan, tsawonta ya kai gaɓar yatsa, sai da na sa wuƙa na zaƙulo ta. Ban ma san lokacin da na taka ta ba. Shi kuwa abokina, har muka yi isha yana tsince ƙarangiya daga safarsa.

Kambas ba nauyi, wannan na yarda, kuma ya isa yawon cikin gari. Na taɓa sayen wani sabo fil, yini ɗaya ya yi a kan dutse ƙasan ya buɗe baki. Har yau kuɗina suna yi mini ciwo.

Kuma ka sani Bagzan ya fi tudun Adar nesa ba kusa ba. Ƙololuwarsa, Idukal-n-Tages, mita 2,022 ce, babu inda ya kai ta tsawo a duk Nijar. Yawancin hanyoyin hawansa na ƙafa ne da jakuna, cikin manyan duwatsu, ga sanyin dare mai ratsa ƙashi a Disamba. Za ka ga ɗan jagoranka Ba'abzine yana tsalle daga dutse zuwa dutse da buɗaɗɗen takalmin fata. Kada ka ce za ka kwaikwaye shi, shi a can ya yi rarrafe.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba. Akwai masu bosho marasa tsoron Allah da ke ɗauko takalmin da ƙasansa ya riga ya mutu, su liƙe da gam, su lafta masa baƙin mai har yana ɗaukar ido, su rantse maka na soja ne. Kada ka saya da dare a hasken fitila. Lanƙwasa ƙasan da hannu biyu: in ka ga 'yan tsage-tsage ko yana marmashewa, ajiye masa kayansa. Ka juya harshen takalmin ka duba bayansa. Fata ta gaske bayanta kaushi-kaushi yake, ta jabu kuwa yadi ne aka manna wa roba. Wanda ya hana ka lanƙwasawa ya riga ya ba ka amsa.

Ka ɗauki wanda ya fi ƙafarka da lamba ɗaya, ka gwada shi da yamma da safa mai kauri, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, in ba haka ba gangara za ta cinye maka farce. Yana da nauyi kuma yana da zafi, ba zan ɓoye maka ba, shi ya sa za ka yi sati uku kana yawo da shi kafin tafiyar, kana shafa masa man kaɗe ya yi laushi. A can sama kuma, kowace safiya ka kife shi ka kakkaɓe kafin ka zura ƙafa, saboda kunama. Allah ya kai ka lafiya, ka turo mana hotuna.