Auta, ga bayanin ƙafar kyamarar da ka ce in sayo maka

Auta, salamu alaikum. Ya gida, ya jikin Hajiya, ya kuke fama da zafi? Saƙonka na murya ya iso tun makon jiya, na saurare shi har sau biyu a cikin bas ina dawowa daga aikin dare. Ka ce in nemo maka ƙafar kyamara "irin ta Turawa marar nauyi", in kuɗin sun yi saura in haɗa maka da gimbal, wato mariƙin nan na hannu mai ƙananan injina da ke hana kyamara girgiza in kana tafiya da ita. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, kuma na sa ta a fili don na san ba kai kaɗai ba ne a Zoo Road, matattarar 'yan fim ta Kano, mai wannan buri.

Ka tuna baƙar ƙafar kyamarar nan mai hannun roba da na taho da ita, wadda muka yi shekara uku muna ɗaukar biki da ita? A nan Sikotlan ta tona mini asiri. Watan Nuwamba ne, na samu hutun kwana biyu, na bi wani abokin aikina da ke da mota daga Gilasgo muka kama hanyar A82, muka wuce ta gefen tafkin Lomond har Gilenko, tafiyar kamar awa biyu. Wurin kwari ne tsakanin manyan duwatsu, ruwa na gangarowa ta ko'ina. Ina son irin hoton nan da ruwa ke fitowa sumul kamar an shimfiɗa farin mayafi, wanda sai ka bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa biyu ko uku, ba tare da ta motsa ko kaɗan ba. Na kafa ƙafata, na zaro sandar tsakiya har ƙarshe don kada in sunkuya, na yi ta dannawa ina jin daɗi. Da na duba, babu ko ɗaya mai kyau. Dutse ya zama biyu, ciyawa ta zama kunu. Iskar wurin ba irin ta hunturunmu ba ce mai kaɗawa a hankali, bugowa take yi ta ɗauke, ta sake bugowa, ƙafar kuwa sai rawa take kamar karan dawa.

Wani dattijo ne kusa da ni, Bature, da tasa ƙafar duk ta sha jiki, fentin ya goge. Ya daɗe yana kallona kafin ya matso. Bai ce kayana ba su da kyau ba. Cewa ya yi in mayar da sandar tsakiyar nan ƙasa, domin da zarar na ɗaga ta na koma mai ƙafa ɗaya da aka ɗora a kan ƙafa uku. Ya ce in maida siraran gaɓoɓin ƙasa ciki, in yi aiki da masu kaurin kawai, in durƙusa. Sai ya sa na ƙara girman hoton a allon kyamara har ƙarshe, ya ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa, ya ce in ƙirga. Sai da na kai biyar hoton bai daina kaɗawa ba. Ya kai ni wajen tasa ya ƙwanƙwasa, kafin in ce ɗaya ta tsaya cak. Wannan gwajin ka riƙe shi, ko a wane shago ka shiga ka yi shi a gaban mai kayan.

Daga nan na fara zagayen shaguna. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne a jere kayan suke a buɗe, ka ɗauka, ka ware, ka ɗora kyamararka, ka yi rabin awa kana jujjuyawa ba mai ce maka "in ba saye za ka yi ba kada ka ɓata mini leda". Yaron shagon ya tambaye ni nauyin kyamarata da gilashin da ya fi tsawo a cikin nawa, sannan da bakinsa ya hana ni sayen wata mai tsada, wai ta fi ƙarfin aikina. Doka ma tana bayan mai saye: abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka fasa ko ba ka faɗi dalili ba, in kuma da aibi a jikin kaya dokar 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif. Ka haɗa wannan da rasit ɗinmu mai cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Sai dai kada ka ɗauka aljanna ce. Babu ciniki, babu "Alhaji a duba mini", babu ka ba da rabi ka cika in aiki ya shigo. Kuɗin da ke rubuce shi ne, da harajin kashi 20 cikin ɗari a ciki, ko ka biya ko ka kama gabanka ana yi maka murmushi.

Sunayen da ake ji da su kaɗan ne. Manfrotto na Italiya ne, wani mai ɗaukar hoton jarida a garin Bassano del Grappa ya kafa shi. Gitzo asalinsa Faransa ne tun 1917. Sachtler na Jamus da Vinten na Ingila su ne na 'yan talabijin da manyan fina-finai. Abin dariyar, duk huɗun nan uwa ɗaya ke shayar da su, kamfani ɗaya ne na Birtaniya ya mallake su. Sannan ga 'yan Sin irin su Benro da Sirui, waɗanda ka daina yi musu kallon "ɗan Chana" irin na kasuwarmu, domin ƙwararru da yawa a nan su suke riƙe da su. Ashe Sin ɗin ma hawa-hawa ce, mu ne ake kai wa na ƙasan tukunya.

To, batun marar nauyi. Abin da kake nufi shi ne ta zaren kabon, kuma gaskiya tana da daɗin riƙo. Amma ka san me ya sa suke mutuwar sonta? Mutum zai goya ta a baya ya hau dutse na awa uku shi kaɗai, cikin sanyin da in ka damƙi alminiyom da hannu babu safa sai ka ji kamar ya cije ka. Kai kuwa a daidaita-sahu kake zuwa lokeshan, ga yara biyu masu ɗaukar kaya. Manfrotto 055 ta alminiyom tana da nauyin kilo biyu da rabi, ta kabon wajen kilo biyu, amma kuɗin ya kusa ninki. Rabin kilo za ka saya da kuɗin da zai isa wani abu mai amfani. Ga kuma abin da ya fi damuna: alminiyom in ya lotsa ana iya miƙe shi a ci gaba da aiki, kabon kuwa in aka danne shi da janareta a bayan mota ya tsage, babu mai waldar da zai iya masa komai. A wajen da yara ke guje-guje a filin biki, nauyin nan da kake gudu shi ne zai hana kyamararka kifewa.

Inda ya kamata kuɗinka su tafi shi ne kai, wato abin da ke tsakanin ƙafafu da kyamara. Masu hoton daji da duwatsu suna amfani da mai dunƙulen ƙwallo: ka sassauta, ka juya yadda kake so, ka ɗaure, shi ke nan. Ga hoto tsayayye babu kamarsa, amma ga fim bai da amfani. Naku shi ne kai mai ruwa, wanda wani ɗan Ostireliya mai suna Miller ya yi wa rajista tun 1946. A cikinsa akwai wani maiko mai kauri tsakanin faifai, shi ke riƙe hannunka, ya sa juyawar ta fara a hankali ta ƙare a hankali. Fizgar nan da muke gani a fina-finanmu idan kyamara ta bi jaruma daga ƙofa zuwa kujera, ta yi tsalle a farko ta dawo baya kaɗan a ƙarshe, mun sha ɗora wa mai ɗauka laifi, alhali kan ne. Yawancin masu arahar da ake rubuta musu "mai ruwa" giris kawai aka shafa tsakanin roba biyu, rana na dukansa ya saki. Na gasken yana da wani sifirin a ciki da ke tare nauyin kyamara, ka karkata ta ƙasa ka saki hannu ta tsaya inda ka bar ta, ba ta faɗa da ka ba. Akwai kuma masu zama cikin wani kwano mai faɗin milimita 75, ka sassauta mariƙi ɗaya a ƙasa, ka daidaita kumfar awo da ke nuna ko kyamara ta karkace, ka ɗaure, cikin daƙiƙa biyar ka gama. Ka tuna yadda muke cusa murfin kwalba da guntun kwali a ƙarƙashin ƙafa a tsakar gidan da ba a yi wa daɓe ba, darakta na ta faɗa rana za ta faɗi?

Sabon irin wannan kai da ƙafafunsa daga manyan kamfanonin nan, kuɗinsa zai sa ka dafe ƙirji, ba na ma son in juya maka shi zuwa naira. Abin da ya cece ni kasuwar na-hannu ce, kuma a nan ne suka yi mana nisa da gaske. Akwai kamfanoni irin su MPB da sana'arsu ke nan: su sayi tsofaffin kaya, su duba, su ɗauki hoton ainihin wanda za a aiko maka har da ƙarzunan jikinsa, su rubuta matsayinsa, su ba da garanti. Ga eBay da Facebook inda masu kayan ke sayarwa da kansu. Mutum zai sayi abu ya yi amfani da shi sau biyar ya jefa a ɗakin ajiya shekara goma. Ƙafar kyamara kuwa ba waya ba ce da za a ce ta tsufa an daina yayinta.

Wajen gyara ne nake kewar gida. A nan kowane ɗan noti yana da lamba, ka duba zanen a intanet, ka yi oda, ya zo maka ta gidan waya cikin 'yar ambulan. Wannan ya yi. Amma in aikin hannu ne, kuɗin awa ɗaya na mai gyara zai iya kai rabin kuɗin kayan, sai ka ga an zubar da abu lafiyayye saboda maƙalli ɗaya ya karye. Na tuna dattijon nan mai gyaran keken ɗinki da ya fere mana wani maƙalli daga guntun ƙarfe muna tsaye, har ya ƙi karɓar kuɗi mai yawa. Sai dai ka yi hattara da abu ɗaya: notin da ke shiga gindin kyamara awon inci ne, kwata, na tsakanin kai da ƙafafu kuma uku bisa takwas. In ya ɓace kada ka yarda mai sayar da noti ya ba ka na milimita shida. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu kamar ya dace, kana matsawa ya cinye zaren gindin kyamarar.

Wani abin da ya ba ni dariya: 'yar jaka ce kamar matashin kai da ake ɗora kyamara a kai, a kan tagar mota ko kan dutse ko a ƙasa. Suna sayar da ita da tsada, kuma babu komai a ciki, kai za ka nemi abin zubawa. Ka kai wa telan ƙofar gida yadi mai kauri ya ɗinka maka biyu da zif, ka cika da gero ko wake. Ɗaya ta ɗora kyamara, ɗaya ka cika da yashi ka rataya a tsakiyar ƙafafu ranar iska, amma ka bar ta tana ɗan taɓa ƙasa, in tana lilo ita ma girgiza take kawowa.

Gimbal ban saya ba, kada ka yi fushi. Batir yake ci, ku kuwa kun san halin wuta, kuma duk canjin gilashi sai ka sake zaman daidaita shi. Ƙurar hunturu ma ba ta ga-maciji da ƙananan injinan da ke cikinsa. Ka fara iya tsayar da hoto tukuna. Don hawan Daushe, inda ba za ka samu filin buɗe ƙafa uku a cikin turmutsitsin ba, na samo maka sanda mai ƙafa ɗaya da arha.

Ka ce in ba ka labarin yadda ake ɗauka a nan. Dokar 2003 ta ba kowa damar shiga mafi yawan filaye da duwatsun Sikotlan muddin bai yi ɓarna ba, sai in yini a bakin ruwa ba wanda ya tambaye ni wa ya aiko ni. Amma ka buɗe ƙafa uku a tashar jirgin ƙasa ko cikin babban kanti, yanzu mai gadi zai iso. Haske kuma wani abu ne daban. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, jan hasken yamma ya daɗe kamar ba zai tafi ba, magariba ta yi nisa har ka gaji da jira. A Disamba kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Ku a Kano ɗan lokaci ne tsakanin jan rana da kiran salla, shi ya sa nake ganin kun fi mu bukatar kwanon nan mai saurin daidaitawa. In ka hau Dala ko Goron Dutse da yamma za ka gane.

Abin da na saya maka dai: ƙafafun alminiyom na hannu masu kwano, da kai mai ruwa na gaske, da sandar nan. Akwai ƙarzuna a ƙafa ɗaya, na gwada ƙwanƙwasawar dattijo ta tsaya kafin in ce biyu. Wani ɗan'uwa zai taho bayan salla, ya yarda ya ba ni wuri a cikin kilo 23 ɗinsa, na naɗe kan a cikin rigar sanyin da na saya wa Hajiya. Na sa faranti biyu na ɗaura kyamara, domin na kowane kamfani da irin nasa, in ya ɓace ba lallai ka samu wanda zai shiga a Kano ba, don haka ɗaya ka ba Hajiya ta ajiye a ɗakinta. Kada ka zuba wa gaɓoɓin baƙin mai ko man keke, ƙura yake kamawa, tsumma da tsohon buroshin haƙori sun isa. In an zo aro, ka bi ta da kanka.

Ka gaida Yaya da yaran, ka ce wa Hajiya zan kira ranar Juma'a in na tashi daga aiki.