Ƙamusun Masu Koyo ko Littafin Jerin Kalmomi: Wanne Zai Nuna Maka Gurbin "Fluster" da "Faze"?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaye ni wanne za ka saya tsakanin ƙamus da littafin jerin kalmomi don ka gane kalmar Turanci da ta dace da jimlarka. Shawarata ita ce ka sayi ƙamusun masu koyon Turanci, ka bar littafin nan na jerin kalmomi masu kusancin ma'ana sai wani jiƙon. Jimlar da kake son rubutawa, cewa tambayoyin masu tantance ma'aikata sun daburta ka, ita kaɗai ta isa hujja, domin a cikin kalmomi biyar ɗin da ka ce ka tarar an jera su wuri guda, wato fluster da rattle da faze da disconcert da discomfit, babu biyun da za su yi musayar gurbi ba tare da ma'ana ko nauyin maganar ya sauya ba.

Wanda nake amfani da shi shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 8 wanda ya fito a 2010, kuma duk da bangonsa ya sha salatif har ya gaji, bai taɓa barin kan teburina ba. Asalinsa aikin A. S. Hornby ne, wani malami ɗan Ingila da ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, inda aka fara buga ƙamusun a 1942 kafin maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Wannan tarihin ne ya bambanta shi da sauran, domin mutumin da ya yi shekaru yana gyaran rubutun ɗaliban da ba su tashi da Turanci a gida ba ya san cewa ba ma'anar kalma kaɗai take ba su wahala ba. Abin da ya fi kayar da su shi ne sanin irin jimlar da kalmar take shiga, da kalmomin da take tafiya tare da su, da kuma gaban wanda ya dace a furta ta.

Ka ɗauki fluster, wadda ita ce ta fi kusa da abin da ya same ka. Ana faɗarta ne idan an matsa wa mutum da gaggawa, ko an jibga masa abubuwa da yawa a lokaci guda, har ya fara inda-inda, ya manta abin da ya sani sarai, takardu suna zubewa daga hannunsa. Daburcewa ce ta ɗan lokaci, babu tsoro mai zurfi a cikinta, kuma yawanci wanda abin ya sama shi ne yake zuwa a farkon jimla, a ce he was flustered ko she got flustered. Rattle kuwa ta fi haka cizo. Asalinta ƙarar abin da ake girgizawa ne, sai aka aro ta ga mutumin da aka girgiza masa zuciya har ya fara shakkar kansa, shi ya sa za ka yawaita jin ta a bakin masu sharhin ƙwallon ƙafa da 'yan jarida, idan mai tsaron gida ya sha ƙwallo tun a mintin farko ko ɗan siyasa ya gamu da tambayar da bai shirya mata ba. Wanda ya yi flustered yakan dawo hayyacinsa da zarar an ba shi minti biyu, amma wanda ya yi rattled gwiwarsa ce ta yi sanyi.

Faze ita ce ta fi ba ni sha'awa, kuma a kanta ne ƙamusun ya biya ni kuɗina. Wata 'yar yayata da take shirin jarrabawar WAEC ta kawo mini tsofaffin takardun tambayoyi da daddare, tana fama da sashen nan da ake neman kalmar da ta fi kusa da wadda aka ja wa layi, sai ta nuna mini jimlar da ta ƙirƙira da kanta don gwaji: the teacher fazed me yesterday. Muka buɗe ƙamusun tare, tana bin layin da yatsa. Ta ga an yi wa kalmar alamar cewa ta hira ce, ba ta rubutun hukuma ba, sannan ta lura da kanta, ban ce mata komai ba, cewa misalan da aka kawo na korewa ne, ana nuna cewa abin bai dami mutumin ba. Ta ɗago kai ta ce, "Kawu, ashe kamar gezau ce." Haka ne kuwa, domin Bahaushe yana cewa ko gezau bai yi ba, amma ba ka jin ya ce wane ya yi gezau, kuma Bature ma ya fi cewa nothing fazes her ko he was unfazed. Jimlarta ba ta karya nahawu ba, amma kunnen mai harshen zai ji ta banbaraƙwai. Kalmar ta samo asali ne daga Turancin Amurka na ƙarni na 19, kuma ka kiyaye, ba ta da wata dangantaka da phase duk da furucinsu ɗaya ne, kuskuren da Turawan kansu suke tafkawa a rubuce.

Disconcert kuma ita ce mai babbar riga a cikinsu. Daga Faransanci ta shigo, tana nufin wani abin ba-zata ya ɓata wa mutum nutsuwa ko ya rushe masa shiri, kamar shirun da mai tambaya zai yi bayan ka gama amsa, yana kallonka bai ce uffan ba. Tana zama daram a wasiƙar ofis da rahoto. Discomfit kuwa a da can ma'anarta fatattakar abokan gaba a fagen yaƙi, daga baya kamanninta da discomfort ya janyo ta zuwa ma'anar kunyatarwa da rikitarwa, kuma yau an fi cin karo da ita a littattafan adabi. Idan ka sa ta a saƙon da za ka aika wa abokinka, zai ɗauka ko dai kuskuren rubutu ka yi ko kuma burga kake yi.

Littafin jerin kalmomin fa? Ina da ƙaramin na aljihu wanda ban ga amfanin kuɗin da na ba da a kansa ba, yana can ƙasan akwati. Ba zan ce irinsa ba shi da rana ba, domin tun 1852 da likitan nan Peter Mark Roget ya fitar da nasa marubuta suke amfana da tsarin, amma an yi shi ne don tunatar da wanda ya riga ya san kalmomin, ɗaya ta kuɓuce masa. Ga mai koyo, jeri ne kawai na baƙin fuskoki. Zai iya jera maka discombobulate kusa da disconcert ba tare da ya gaya maka cewa ta farkon kalmar barkwanci ce da Amurkawa suka ƙirƙira don ban dariya ba, ko ya ba ka nonplussed bai faɗa maka cewa a Ingila tana nufin wanda ya rasa ta cewa ba, alhali wasu a Amurka suna amfani da ita da nufin wanda abin bai dame shi ba, wato kishiyar ma'anar farko ke nan. Duk wanda ya tsinci ɗaya daga cikin waɗannan ya jefa a takardar neman aiki, ya sayi abin kunya da kuɗinsa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da jabu, domin ƙamus yana cikin littattafan da aka fi satar bugawa. Kada kyan bango ya ruɗe ka. Ka buɗe tsakiyar littafin ka ɗaga shafi ɗaya sama: idan rubutun baya yana ratsowa har ya dame na gaba, ko ƙananan alamomin furuci sun dusashe sun zama ɗige-ɗige, to hoton na asali aka ɗauka aka buga. Ka bi lambobin shafuka a wurare daban-daban, saboda a na jabu akan tsallake damin shafuka sukutum ko a maimaita wasu, sai ranar da ka je neman kalma ka tarar babu rabin harafin. Akwai kuma masu manna bangon sabon bugu a kan tsohon ciki, don haka ka duba shafin da yake bayan sunan littafin, inda ake rubuta bugu da shekara. Bugu na 10 a 2020 ya fito. Idan mai kanti ya hana ka cire leda ka duba, ka mayar da kuɗinka aljihu ka yi gaba. Haka nan kada ka tura wa kowa kuɗi a WhatsApp don ya aiko maka da kwafin waya, domin shafin intanet na ƙamusun kyauta ne, har da muryar da za ta furta maka kalmar da lafazin Ingila da na Amurka.

Idan ba ka sami na Oxford na gaskiya ba, Longman Dictionary of Contemporary English ma zai yi maka aikin, kuma yana da wata falala, wato ana bayyana ma'anoni a cikinsa da kalmomi masu sauƙi kimanin 2,000, ta yadda ba sai ka nemi ma'anar ma'ana ba. Amma ni na Oxford na sani ciki da waje, shi nake ce maka ka saya, kuma akwai bugun ɗalibai mai bango mai laushi wanda ya fi araha.

Game da jimlarka, idan labari kake ba abokai, ka rubuta I got flustered by their questions. Idan kuwa wasiƙa ce zuwa ga wani babba, ka ce I was disconcerted by some of the questions, ka kuma tabbata ka sa by a bayan kowacce. Faze ka adana ta sai tantancewa ta gaba, in Allah ya sa ka fito ko gezau ba ka yi ba.